An Hau da Tsuntsu Sama, An Bar Nuwara Ƙasa

Ciwon kan ya fara wa Nuwara ne a makon da dusar ƙanƙara ta sauka a garin Satif. Da safe ta kunna hitar ruwa mai aiki da gas, wadda ke maƙale a lungun da ya raba banɗaki da ɗakin kwanansu. Ta yi wanke-wanke, ta jiƙa wanki, kafin ta gama murza ƙullun gurasa sai ta ji kamar an ɗaure mata goshi da igiya ana ja. Ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina da firji. Cikinta ya shiga wata na shida a lokacin, cikin da ta yi shekaru tana roƙon Allah a kansa, saboda haka ba ta kanta ta fara yi ba. Hannu ta ɗora a mara tana jira. Sai da ta ji ɗan ya motsa sannan ta saki numfashi.

Hajja Mas'uda, matar mai gidan da suke haya a ƙasansa, ta sauko aron rariya ta same ta a haka.

"Laulayi ne, 'yata. Tashi ki sha ruwan na'ana'a."

"Laulayi a wata shida, Hajja? Ai na gama da shi tuntuni."

"Kowane ciki da salonsa. Namiji ne, na gani a hancinki. Su tun suna ciki suke fara wahalar da mu."

Ta yi dariya, ta ɗauki rariyarta ta hau sama. Nuwara ta so ta yarda, don maganar akwai daɗi. Amma washegari ciwon ya dawo da jiri, jibi ya zo da amai, daga nan ya zama ɗan gida. Takan zauna tsintar wake barci ya kwashe ta da tsakar rana, ta farka zuciyarta na dukan uku-uku, ta rasa me ta zo ɗauka a madafa.

Mijinta Rabah, da ake kira Si Rabah don girmamawa, direban babbar mota ne, yana kai kaya kudu, sai ƙarshen mako ake ganinsa. Ba mugu ba ne, kada a yi masa ƙazafi. Yana dai da abin da ya fi komai shiga ransa, wato maknin ɗinsa, ɗan tsuntsun nan mai jar fuska da mazan garin ke rataye wa a keji suna gasar kukansa a wurin shan gahawa. Saboda sanyi ya ɗauke kejin daga taga ya rataye shi a lungun hita, inda ya fi ɗumi. Ranar da ya dawo, tun bai cire takalmi ba ya nufi kejin, ya tarar da tsuntsun a kwance, ƙafafu a sama.

"Kin ba shi ruwa kuwa?"

"Ga ruwan nan a gabanka, Rabah. Da safe ma ya yi kuka."

"To me ya kashe shi? Tsuntsun da aka taya ni da kuɗin tayar mota na ƙi sayarwa."

"Ban sani ba. Ni ma kwana da kwanaki kaina..."

"Ke kullum kanki."

Ya fita da gawar tsuntsun a tafin hannu kamar wanda aka yi wa rasuwa. Mako na zagayowa ya sayo wani. Wannan ma bai kwana biyu ba ya daina kuka, ya kumbura gashinsa, ya lafe a kusurwar keji yana lumshe ido. Rabah ya tsaya ya ƙare masa kallo, ya shinshina iskar lungun, ya girgiza kai.

"Iskar wurin nan ba ta karɓe shi ba. Bari in kai shi sama wurin Hashimi, ya rataye min shi a barandarsa."

Hashimi shi ne ɗan mai gida, wanda aka ɗora wa sabon bene da rani saboda aurensa da ke tafe. Nuwara tana kwance da jiƙaƙƙen tsumma a goshi ta bi mijinta da ido har bakin ƙofa.

"Ni fa?"

"Ke me?"

"Iskar da ba ta karɓi tsuntsu ba, ni ta karɓe ni?"

"Haba Nuwara. Ke ai mutum ce, kina da baki, in abu na damunki sai ki faɗa. Shi fa?"

"Na faɗa."

Bai ji wannan ba, ya riga ya fara hawa matakala yana yi wa tsuntsun fito.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nuwara ta lura ranar da ta je ta kwana gidan mahaifiyarta, kanta ya washe tas, har ta ci kuskus kwano biyu. Ta dawo gida ta kunna hita, kafin la'asar igiyar ta koma goshinta. Ta tsaya ta dubi hitar da kyau. Wutar da ta sani shuɗiya bara ta koma rawaya tana rangaji, bangon da ke samanta ya yi baƙi da kunkunniya.

Da rana ta ɗan leƙo, ta ɗauki bokitin wanki ta hau can saman sabon benen, tana hutawa a kowane hawa. Tun da aka gama ginin ba ta hau ba. A tsohon rufin, bututun hayaƙin hitarta ne take ɗaura wa igiyar shanya, wani bututu mai hular kwano da ya ɗan karkace, ta san shi kamar yunwar cikinta. Ta zagaye sabon rufin da igiya a hannu. Ga bututun sashen Alhaji mai gidan, ga sabo fil na sashen Hashimi, ga rodi a tsaitsaye suna jiran benen wani ɗan. Na uku babu. Ta auna da ido inda ya kamata ya fito, ta gane bakinsa yana ƙarƙashin kankaren da aka zuba, a daidai falon amarya.

Ta tare Alhaji Balkasim a gindin matakala yana dawowa daga sallar la'asar, cikin alkyabbarsa ta gashin raƙumi, da carbi a hannu.

"Ammi Alhaji," ta ce, wato baffa Alhaji, "don Allah ina da magana."

"Faɗi, 'yata. Ya jikin? Hajja ta ce ɗan namu yana ba ki aiki."

"Bututun hayaƙinmu ne. Na hau sama ban gan shi ba."

Carbin ya tsaya a hannunsa, sannan ya ci gaba da tafiya.

"Magini ya karkatar da shi."

"Ta ina ya fita? Na duba bango ta waje ban ga rami ba."

"Ikon Allah. Si Rabah bai gaya min injiniya ya auro ba." Ya yi murmushi. "'Yata, tun ba a haife ki ba nake ba da haya, ko kaza ba ta taɓa mutuwa a gidana ba."

"Tsuntsu ya mutu."

"Tsuntsu dai. Saurara, falon nan tayil ɗinsa daga waje aka kawo shi, dangin amarya sun zo sun gani sun yaba. Kina so in sa guduma a kai ana saura kwanaki biki? Ki bari a sha biki, in Allah ya so a duba. Rai ai a hannun Allah yake, ba a bututu ba."

Ya wuce yana salati. Wannan salati nasa shi ya fi komai ƙona mata rai, kuma ni ma mai ba da labarin har yau yana ƙona min. Mutum ya toshe wa bayin Allah numfashi da siminti, sannan ya ɗauki sunan Allah ya toshe musu baki.

A cikin makon aka wayi gari da labarin wasu iyali a unguwar da ke bayan kasuwa, miji da mata da yara, an fasa ƙofa an same su kamar masu barci. Sai ma'aikatan gas suka fara bi gida-gida suna duba hita da bututu. Nuwara ta ji labari ta ce Allah ya kawo mata ɗauki.

Alhaji ya riga su sauka. Ya ja Rabah gefe a tsakar gida, amma muryarsa ta shigo har madafa.

"Si Rabah, ni da kai ba mu taɓa zuwa gaban hukuma ba, amana ce tsakaninmu. In suka san akwai 'yan haya a nan, za su tono maganar benen da na ɗora, su yanke gas ɗin gidan nan kaf, ga biki a gaba. Ni in na shiga uku, kai a ina za ka kwana? Ku rufe ƙofa ku yi shiru, in sun tafi shi ke nan."

Da hantsi suka iso, su biyu, ɗaya riƙe da 'yar na'urar da ke shinshino guba a iska. Nuwara na tsaye a bayan ƙofarta, Rabah na riƙe da wuyan hannunta. Ta ji sun hau sama, ta ji sun sauko, ta ji takunsu ya tsaya a daidai ƙofar. Katako ne kawai tsakaninta da su.

"Nan fa, Alhaji? Akwai mutane?"

"Ma'ajiya ce. Ragowar siminti da tarkacen gini."

"Ga silifa a bakin ƙofa."

"Na mai yi mana shara ne."

"Alhaji, ka yi haƙuri, in akwai 'yan haya, nauyi ne a wuyanka ka bari a duba musu. Abin nan ba shi da wari, ba shi da launi. Jiya da hannuna na ɗauko gawar yarinya."

"Ɗana, ni da na dafa ɗakin Allah zan tsaya in yi maka ƙarya a kan silifa? Ku zo ku sha gahawa, Hajja ta yi makrud, alkakin dabino na biki."

Tari ɗaya ya isa su san akwai mutum a ciki. Nuwara ta buɗe baki, Rabah ya matse hannunta, ya kawo bakinsa kunnenta.

"Ki rufa min asiri. Ina za mu je cikin wannan sanyi, da cikinki a gaba? Ya ce bayan biki. Na rantse miki zan tsaya a kansa."

Idanunsa sun ciko, tsoro ne tsagwaronsa a ciki. Ta dube shi, ta dubi ƙofar, ta haɗiye tarin. Suna ji aka hau da ma'aikatan sama ana raha, suna ji aka rako su aka rufe ƙofar gida.

Tun daga ranar ta ɗauki matakin da take iyawa. Ta rufe makunnin gas na hitar ta ɗaure shi da tsumma. Ta koma dafa ruwan wanka a tukunya, wanke-wanke kuwa da ruwan famfo mai kama da ƙanƙara, har yatsunta suka tsattsage suna jini. Tagar ɗakin kwana ta bar ta a buɗe, ta dinga kwana cikin bargo uku da hular ulu. Mura ta kama ta, amma kan ya sake ta, ɗan kuma ya dawo da harbinsa. Takan zauna tana saƙa masa 'yar riga shuɗiya tana ce masa ya yi haƙuri, saura kaɗan.

Ranar walimar biki aka kafa rumfar maza a titi, daidai tagarta. Rabah da kansa ya ja murfin tagar ya ɗaure da waya, ya ce ba zai yiwu maza su cika titi ana hango gadon matarsa ba. Tsakar gida ta cika da mata da manyan tukwane. Nuwara tun safe take cikinsu tana murza kuskus, don 'yar haya ba ta zama a ɗaki ranar bikin mai gida. Bayan azahar ƙafafunta suka kumbura, bayanta ya riƙe.

Hajja Mas'uda ta zo da tiyo a naɗe a hannu.

"'Yata, ba mu famfonki na ruwan zafi. Sama duk baƙi ne da darduma, ba a jan tiyo ta can."

"Hajja, don girman Allah kar a kunna hitar nan. Kin san bututun a toshe yake."

"Yau ɗaya? Maiƙon rago ba ya fita da ruwan sanyi, kin sani."

"A dafa a tukunya. Ni zan ɗora."

"To, to, na ji, a dafa a tukunya. Ke dai kin cika tsoro. Dubi ƙafarki kamar ta giwa, je ki kwanta kafin a kawo amarya."

Nuwara ta shiga, ta taɓa tsumman da ta ɗaure makunnin ta ji yana nan, ta kwanta da niyyar miƙe baya kawai. Gajiya ta yi mata rubdugu, barci ya ɗauke ta.

Tukunyar ruwa ɗaya ba ta kai ko'ina ba, kwanuka suka taru kamar tsauni. Hajja ta leƙa ta ga yarinya ta yi barci. Ta shiga da sanɗa, ta kwance tsumman, ta kunna hita, ta jona tiyo ta ja shi zuwa tsakar gida. Da za ta fita ta janyo ƙofar har ta danne tiyon, wai don kada hayaniya ta tashi mai ciki. Daga baya ta sha faɗa wa mutane wannan, tana kuka, a matsayin shaidar tausayinta.

Rurin hitar ne ya farkar da Nuwara. Ta san sautin, ta san abin da yake nufi. Ta ce wa ƙafafunta su sauka, suka ƙi. Ɗakin na juyawa, kanta kamar zai tsage. Ta mirgino ta faɗo daga gado a kan gefenta, tana kare cikin da hannu. Ta kira Rabah, muryar ba ta wuce haƙoranta ba. A waje motocin amarya sun iso, ana ta oda, mata na rangaɗa guɗa, maza na harba bindigogin biki. Ta ja jiki da gwiwar hannu har lungun. Makunnin ya yi mata nisa, yana can sama. Abin da hannunta ya kai gare shi tiyo ne. Ta kama shi ta rataya da duk nauyinta, ya fizge daga famfo, ruwan zafi ya dinga zuba a ƙasa.

Wata mai wanke-wanke ce ta ga ruwa ya ɗauke, ta taso tana mita ta zo ganin wanda ya taka tiyo. Da ba don kwanukan Hajja sun rasa ruwa ba, da sai dai a fasa ƙofa.

Ta farfaɗo a asibiti da abin shaƙar iska a fuska. Mahaifiyarta na gefen gado, Rabah na tsaye jikin bango da kayan bikinsa. Ba ta tambayi kowa komai ba. Hannu ta ɗora a mara tana jira. Ta jira har likita ta shigo, wata mace mai furfura, ta zauna a bakin gadon ta riƙe ɗaya hannun. Nuwara ba ta ɗauke na marar ba, ko da aka gama gaya mata.

Namiji ne, kamar yadda Hajja ta gani a hanci. Rabah ya ɗauke shi a tafin hannu biyu cikin farin ƙyalle zuwa maƙabarta.

Alhaji Balkasim ya zo dubiya da ledar lemo.

"Ƙaddara ce, 'yata. Abin da aka rubuta ba ya kankaruwa. Ku yara ne, Allah zai ba da wani. Ni wallahi bikin ma bai yi min daɗi ba."

Abin da bai faɗa ba shi ne, washegarin walima da sassafe ya kira magini. Aka ja kujerar falon amarya, aka ɗaga tayil a kusurwa, aka fasa kankare, aka jona bututu aka fitar da shi ta bango. Kafin azahar an gama, an mayar da kujera, ko amarya ba ta lura ba. Da ma'aikatan gas suka dawo saboda rahoton asibiti, sun tarar da hanya a buɗe, wuta shuɗiya, siminti ɗanye. Alhaji ya ce da ma yana shirin gyarawa, ya ƙara da cewa su ma yaran da nasu, wa ke ɗaure taga da waya a ɗakin da ke da hita? Unguwa ta karɓa. A wurin shan gahawa aka ce sanyin bana ne, aka ce matan yanzu ba su da ƙwari, aka ce Alhaji mutumin kirki ne, shi ya sayi dardumar masallaci.

Aikin rabin yini ne, jama'a. Tayil guda, a bayan kujera, inda ko baƙo ba ya kallo. Wannan aka auna da ran ɗan mutum, tayil ya fi nauyi. Alhaji ya sani, magininsa ya sani, Hajja ta sani da ta kwance tsumman nan da hannunta, Rabah ya sani tun ranar da ya shinshina iska ya ɗauki keji. Babu jahili ko ɗaya a cikinsu da za a ce bai ji ba bai gani ba. Kuma kada wani ya ce laifin Nuwara ne da ta haɗiye tari a bayan ƙofa. Wanda aka ba zaɓi tsakanin guba da titi a tsakiyar hunturu, ba a ba shi zaɓin komai ba. Gidaje irin na Alhaji suna nan birjik, da benayensu da rodinsu a sama, da wasu bayin Allah a ƙasa da ake kira ragowar siminti in masu dubawa sun zo.

Da aka sallame ta, ta zo gidan tare da mahaifiyarta don kwashe kayanta. Ba ta zauna ba. Ta naɗe tufafinta, ta ɗauki 'yar rigar shuɗiya da ba ta gama saƙa hannu ɗaya ba, ta sa a jaka da alluran a jiki. Tana zuge jakar ta ji fito a matakala. Rabah ne ya sauko da keji a hannu. Tsuntsun ya yi ƙiba, gashinsa na sheƙi, yana ta zuba kuka.

Ya ga jakar, ya tsaya.

"Nuwara, an gyara fa. Wallahi an gyara, na gani da idona. Dubi, har shi na dawo da shi."

Ta dubi tsuntsun, ta daɗe tana dubansa.

"Ka kyauta. Ka riƙe shi da kyau, Rabah. Duk gidan nan shi kaɗai ne ya yi shiru aka ji shi."

Mahaifiyarta ta ɗauki jakar. Suka bi ta tsakar gida, suka tsallake tiyon da har yanzu ke yashe a ƙasa, suka fita. Rabah na tsaye a lungun hita da keji a hannu, bai rataye ba, bai ajiye ba, tsuntsun kuwa bai fasa kukansa ba.